Garin Motoci da Tukwane: Yawo da Ciye-ciye a Detroit

Duk wanda ka ce wa za ka Detroit yawon buɗe ido, sai ya dube ka ya sake dubawa. Su kansu Amurkawa haka suke yi. Sunan da garin ya yi a duniya ba mai daɗi ba ne: masana'antun da aka garƙame, unguwannin da ciyawa ta cinye, da karayar arzikin da hukumar birnin ta shelanta a gaban kotu a 2013, da bashin kusan dala biliyan 18 a wuyanta. Duk wannan ya faru. A 1950 mutum kusan miliyan 1.85 ke zaune a birnin, amma ƙidayar 2020 ba ta samu ko 640,000 ba. Duk da haka, in ɗan'uwa ya samu bizar Amurka ya tambaye ni inda zai nufa bayan ya gama ɗaukar hotuna a Niyok, Detroit nake ce masa. A ganina babu garin da Musulmi zai ci abinci hankali kwance a Amurka kamar nan, kuma da wuya a samu inda baƙar fata zai ga tarihin 'yan'uwansa a fili, har ya taɓa shi da hannu, kamar nan. Bahaushe kuwa, galibi, duka biyun ne.

Birnin yana jihar Mishigan, a yankin manyan tafkunan nan na tsakiyar Amurka ta arewa. Faransawa suka kafa shi a 1701 ƙarƙashin wani hafsa mai suna Cadillac, wanda daga baya aka sa wa motar alfarmar nan sunansa. Yana bakin wani kogi mai faɗi, tsallaken kogin kuma Kanada ce, garin Windsor. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, in ka tsaya a tsakiyar Detroit kana kallon Kanada, kudu kake fuskanta, saboda yadda kogin ya lanƙwasa. Akwai ƙananan garuruwa biyu da dole in haɗa su cikin wannan bayani, domin in babu su labarin bai cika ba: Dearborn, da ke manne da Detroit ta yamma, da Hamtramck, wanda Detroit ta kusan kewaye shi ta ko'ina. Kowanne da magajin garinsa, amma a mota ba ka ma sanin ka tsallake iyaka sai ka ga rubutun shaguna ya koma Larabci.

Mota ce ta tara wannan jama'a. A 1913 Henry Ford ya fito da wani tsari a masana'antarsa ta Highland Park: maimakon ma'aikata su riƙa zagaye mota, motar ce ke tafiya a kan layi, kowa na tsaye a wurinsa yana ɗaura abu guda daga safe har yamma. Aiki ya yi sauri, amma ya gundiri mutane har suna ta ajiye shi. Sai a Janairun 1914 Ford ya ce zai riƙa biyan dala 5 a yini, ninkin abin da ake biya har da ɗoriya. Labari ya kai ko'ina. Baƙaƙen fata suka baro gonakin audugar kudancin Amurka da wulaƙancin da ke can, 'yan Folan suka zo, Girkawa suka zo, mutanen Sham da Labanan da Yaman suka zo, 'yan Meziko suka zo. A Highland Park ɗin nan aka gina, a 1921, masallacin da ake ɗauka shi ne na farko da aka gina takanas don salla a Amurka, ko da yake bai daɗe yana aiki ba. Kowace al'umma ta zo da tukunyarta. Masana'antu da yawa sun mutu, amma tukwanen suna kan wuta har gobe.

Saboda haka daga gidan tarihin Henry Ford da ke Dearborn ya kamata ka fara, kuma ka ware masa yini guda cur. Rumfa ce makekiya, cike da kawunan jiragen ƙasa, jiragen sama na farko-farko, taraktoci da motoci iri-iri. Akwai motar da Shugaba Kennedy ke ciki lokacin da aka harbe shi a Dallas a 1963, da kujerar da Abraham Lincoln ke zaune a kai sa'ad da aka harbe shi a 1865. Mutane na cincirindo a wajensu. Ni kuwa wata tsohuwar bas ce ta tsayar da ni, mai fenti ruwan ɗorawa da kore da fari, lamba 2857. A cikinta ne, ranar 1 ga Disamba 1955, a garin Montgomery na jihar Alabama, aka umarci wata tela baƙar fata mai shekara 42, Rosa Parks, ta tashi ta ba Bature wuri, ta ƙi. Aka kama ta. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa bas-bas fiye da shekara guda, suna tafiya wurin aiki a ƙasa, har kotu ta rushe dokar wariyar. An tsinci bas ɗin ne yashe a wani fili, tsatsa na cin ta, gidan tarihin ya saye ta a 2001 ya gyara. Ana barin mutum ya hau, ya zauna. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙanƙantar wurin. Tsakanin kujerar da ta zauna da ta direban da ya daka mata tsawa, 'yan taku ne kawai. Na zauna ina auna yadda mace ita kaɗai, bayan gajiyar aikin yini, za ta dubi mutum a wannan kusanci, doka da 'yan sanda na bayansa, ta ce ba za ta tashi ba. Ita kanta Rosa Parks a Detroit ta ƙarasa rayuwarta: ta dawo nan a 1957 bayan an hana ta aiki a Alabama, a nan ta rasu a 2005.

Daga ƙofar gidan tarihin ake ɗaukar masu ziyara a bas zuwa masana'antar Rouge, wadda a shekarun 1930 ta taɓa ɗaukar ma'aikata sama da 100,000. A da, ɗanyen tama ake saukewa daga jirgin ruwa ta wannan gefe, mota ta fito ta wancan. Yanzu akori-kurar F-150 ake harhaɗawa, kana tsaye a kan wani baranda daga sama kana kallo. Ka je a ranar aiki, don in layin na hutu rabin abin kallon ya tafi. Gefen gidan tarihin kuma akwai Greenfield Village, wani fili da Ford ya kwaso tsofaffin gine-gine ya dasa, har da shagon kekuna na 'yan'uwan nan Wright da suka fara tashi da jirgin sama a 1903. Ana yawo da mutane a tsohuwar Model T. In da yara, nan za su fi so. Ba a buɗe shi a tsakiyar hunturu.

Yanzu sai maganar ciki. Ka ce a kai ka titin Warren.

Mu mutanen Kano mun san 'yan Labanan tun kaka da kakanni, a Kantin Kwari da titin Beirut. Neman abincin da ya kawo wasunsu Afirka ta Yamma shi ya kai wasu Mishigan, sannan yaƙin basasar ƙasarsu, daga 1975 zuwa 1990, ya kwararo da dubbai, musamman daga kudancin Labanan, garuruwa irin su Bint Jbeil. Bayansu 'yan Iraƙi suka biyo bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, mutanen Yaman kuma ba su daina zuwa ba. A yau Dearborn na da mutum kusan 110,000, kuma ƙidayar 2020 ta nuna fiye da rabinsu asalinsu Gabas ta Tsakiya ne ko Arewacin Afirka. Magajin garin da aka zaɓa a 2021, Abdullah Hammoud, ɗan baƙin Labanan ne. Titin Warren shi ne kasuwarsu: mahauta, masu gasa gurasa, masu turare, masu gwal, masu abaya, an jeru har inda ido ya tsaya. A nan ba sai ka yi ta juya takardar abinci kana tambaya ko da alade ba. Kusan kowace ƙofa an rubuta halal, da Larabci da Turanci.

Gidan abincin da na fi tura mutane shi ne Al Ameer, wanda aka buɗe a 1989, kuma a 2016 ya samu lambar yabo ta gidauniyar James Beard, wadda masu harkar girki a Amurka ke girmamawa ƙwarai. Ba wurin ƙawa ba ne, wurin iyali ne. Kana zama za a dire maka kwandon gurasa da aka ciro daga tanderu yanzun nan, ta kumbura tim, in ka ɓarka ta tururi ya bugi yatsunka. Tare da ita akwai wani farin haɗi mai laushi na tafarnuwa da mai da lemon tsami, mai kaifi har cikin hanci. Ka yi hattara, domin da yawa a nan suke cika ciki kafin abinci ya iso. Ka nemi hummus, wato niƙaƙƙen waken Larabawa da aka haɗa da riɗi aka kwarara masa man zaitun, sannan ka nemi naman ragon da aka dafa har yana zamewa daga ƙashi, a kan shinkafa mai kirfa da soyayyun 'ya'yan itatuwa a barbaɗe. Faranti ɗaya ya ishi mutum biyu. Abu guda zan gaya maka tun da wuri: girkin Labanan ba ya da zafin barkono. Wanda harshensa ya saba, ya sa ɗan ƙullin yajinsa a aljihu.

In kun tashi, kada ku sha zaƙi a nan. Ku gangara Shatila, a kan titin dai, wanda Riad Shatila ya kafa a 1979. Kantin gilashi ne dogo, tire bayan tire na baƙlawa, wasu da fistashiyo, wasu da kashu, ana aika su ko'ina a Amurka. Amma abin da za ka ci a wurin, a zaune, shi ne kunafa: cuku mai zafi a ƙasa, gasasshen ɓawo mai launin zinariya a sama, a tsiyaya masa ruwan sukari. In ka ɗaga cokali cukun na biyo shi yana miƙewa. Ba a tafiya da ita gida, don da ta huce daɗinta ya ragu.

Dare kuma na mutanen Yaman ne. A 2017 Ibrahim Alhasbani ya buɗe Qahwah House a Dearborn, yana sayar da gahawar da ake nomawa a duwatsun ƙasarsu. Cikin 'yan shekaru gidajen gahawa irin nasa suka bazu a Amurka, kuma daga nan abin ya tashi. Ana kawo shayin Adan mai madara da kayan ƙamshi a butar gilashi a kan 'yar wuta don kada ya huce, tare da wani burodi mai ƙulli-ƙulli da aka cusa wa cuku aka shafe da zuma. Abin da ya sa nake ƙaunar waɗannan wurare ya wuce shayin. A yawancin biranen Amurka, in dare ya yi, wurin hira ɗaya ne: mashaya. A nan kuwa ƙarfe sha ɗayan dare za ka tarar da ɗalibai da kwamfutocinsu, dattawa na muhawara, mata da 'ya'yansu, babu kwalbar giya ko ɗaya. Aikin da teburin mai shayi ke yi wa unguwa a gida, shi suke yi wa garin.

Salla ba ta zama matsala. Babban masallacin da ke titin Ford, Islamic Center of America, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya biyu, an buɗe ginin a 2005, kuma na 'yan Shi'a ne. Na Ahlus Sunna mafi daɗewa shi ne American Moslem Society, da ke unguwar kudu kusa da masana'antar Rouge, tun 1938, inda mutanen Yaman suka fi yawa, ana kuma jin kiran salla ta lasifika a titi. Wanda ya dace da zuwa a watan azumi zai ga garin ya juye: gidajen abinci a buɗe har sahur, rumfunan ciye-ciye a filin ajiye motoci, makarantun gwamnati na rufewa ranar Idi. Akwai shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, ƙungiyar ƙwallon makarantar sakandaren Fordson ta mayar da atisayenta cikin dare saboda yawancin 'yan wasan na azumi. Mai sha'awar tarihin wannan al'umma ya leƙa gidan tarihin Larabawan Amurka da ke titin Michigan, wanda aka buɗe a 2005.

To, ga inda nake da magana da 'yan'uwanmu masu ziyara. Da yawa in sun samu Dearborn, sun ci sun sha sun yi salla cikin jam'i, sai su ce sun ga Detroit, su koma. Wannan rabin ziyara ce, kuma akwai abin da ya kamata ka sani game da garin da ka ji daɗinsa. Daga 1942 zuwa 1978 magajin garin Dearborn wani mutum ne, Orville Hubbard, wanda bai ɓoye aniyarsa ta hana baƙaƙen fata zama a garin ba. Baƙin mutum zai yi aiki a Rouge da rana, amma kafin dare ya tsallake ya koma Detroit. Sai a shekarun baya-bayan nan aka kawar da mutum-mutuminsa daga bainar jama'a. Detroit kanta, kusan kashi 78 cikin 100 na mazaunanta baƙaƙe ne, kuma raguwar da ta yi ba daga sama ta faɗo ba. Masana'antu sun koma bayan gari, an keta manyan tituna ta tsakiyar unguwannin baƙaƙe, bankuna sun hana su rancen sayen gida, sannan bayan tarzomar Yulin 1967, wadda ta ci rai 43, Turawa suka ƙara ƙaimi wajen ficewa da dukiyarsu da harajinsu. Waɗanda suka tsaya suka riƙe garin a shekarun wuya, su ne masu kama da ni da kai. Bai dace ka zo har nan ka ƙi gaishe su ba.

Ka fara da gidan tarihin Charles H. Wright, wanda wani likitan mata baƙar fata ya kafa a 1965. Ana bi da kai ne daki-daki, daga Afirka, zuwa kurkukun bayi a bakin teku, sannan ka sauka cikin wani ɗaki mai duhu da aka ƙera shi da siffar cikin jirgin bayi. Mutum-mutumi ne kwance a jere a kan katakai, hawa kan hawa, da sarƙa a ƙafa, katako na ƙara a ƙarƙashin sawunka. Na ga manyan mutane sun fito suna share ido. Mu da aka bari a gida, wannan ɓangare na labarin a littafi kawai muka san shi, kuma ya kamata ɗan Afirka ya tsaya a ɗakin nan ko sau ɗaya. In ka fito, ka gangara bakin kogi wajen Hart Plaza. Akwai wani gunkin tagulla na mutane tsaye suna hangen Kanada. Kafin yaƙin basasar Amurka, Detroit ce zango na ƙarshe ga dubban bayin da suka gudo daga kudu, domin a lokacin tsallaken ruwan nan, wato Kanada, a ƙarƙashin Ingila take, inda aka haramta bauta tun 1834. Cocin Second Baptist, da aka kafa a 1836, ya ɓoye da yawa daga cikinsu kafin a haye da su cikin dare, kuma yana nan har yanzu a unguwar Girkawa. An gyara bakin kogin ya zama wurin tattaki mai tsafta, da yamma cike da iyalai da masu kekuna da masu kamun kifi.

'Yan taku daga gidan Wright akwai gidan zane-zane na birnin, Detroit Institute of Arts. Ko ba ka damu da zane ba, ka shiga don abu guda: wani fili mai bango huɗu da Diego Rivera ɗan Meziko ya zane tsakanin 1932 da 1933, kashi 27, da kuɗin Edsel ɗan Henry Ford. Ma'aikatan Rouge Rivera ya zana, fari da baƙi kafaɗa da kafaɗa, jijiyoyi a miƙe, injuna sun yi musu rumfa. In ka riga ka ziyarci masana'antar, za ka gane wasu wuraren. Lokacin karayar arzikin 2013 masu bin bashi sun so a yi gwanjon kayan gidan. Gidauniyoyi da gwamnatin jiha da masu ba da gudummawa suka haɗa sama da dala miliyan 800, aka rage asarar 'yan fansho da kuɗin, kayan suka tsira.

Sai gidan Motown, a lamba 2648 titin West Grand Boulevard. Ɗan ƙaramin gida ne fari da shuɗi, za ka iya wuce shi ba ka lura ba. Berry Gordy, wanda ya taɓa aiki a layin harhaɗa motoci, ya ranci dala 800 daga asusun danginsa ya kafa kamfanin faifai a 1959, ya mayar da garejin gidan situdiyo. Daga wannan kamfani Stevie Wonder, Diana Ross, Marvin Gaye da Jackson 5 suka fito. Manyanmu za su tuna Stevie Wonder ya zo Legas bikin FESTAC a 1977. Tsohon fiyano na nan, katakon ƙasan ɗakin sarrafa sauti ya zaizaye inda ake buga ƙafa, akwai kuma safar hannu da hular da Michael Jackson ya bayar. Rukuni-rukuni ake shiga, saboda haka ka bincika ta intanet ka kama wuri kafin ka tafi.

A cikin Detroit sai ka riƙa tambaya kafin ka ci. Abinci biyu garin ke alfahari da su. Na farko fiza ce mai kusurwa huɗu, da aka fara yi a Buddy's a 1946. Ana cewa a farantan ƙarfen da ake zuba ƙusoshi a masana'antar mota aka fara gasa ta. Tana da kauri amma ba nauyi, ana baza cuku har gefen faranti ya ƙone ya yi ƙamas-ƙamas, miyar tumatir kuma a sama ake zuba ta. Yankin kusurwa shi ake rububi. Jan naman da aka saba jerawa a kai na alade ne, don haka ka ce ta cuku zalla ko ta ganye. Na biyu shi ne koni, wato sosej a cikin burodi da miyar niƙaƙƙen nama, albasa da mastad. Shaguna biyu, American Coney Island na 1917 da Lafayette, suna jingine da juna a tsakiyar gari, 'yan'uwa biyu Girkawa suka kafa su, kuma mutanen Detroit sun rabu biyu a kan wanne ya fi. Sosej ɗin gargajiya yakan haɗa da alade, saboda haka ka je ka ga wurin, amma ka ci naka a shagunan halal na Dearborn ko Hamtramck. Haka nan a gidajen girkin baƙaƙen Amurka, soyayyen kifi da kaza ba laifi, amma ganye da wake akan dafa su da ƙashin alade. Ka tambaya, ba sa jin haushi, kuma wurare da dama da naman talotalo suke yi yanzu.

In kewar gida ta taso, akwai Baobab Fare a kan titin Woodward, wanda wasu ma'aurata 'yan gudun hijira daga Burundi, Hamissi Mamba da Nadia Nijimbere, suka buɗe a 2021: naman sa a miyar tumatir, soyayyar agada, alayyahu da gyaɗa. Akwai kuma Maty's na 'yan Senegal a titin Grand River, mai gasasshen rago, kaza da albasa, da zoɓo mai sanyi.

Ranar Asabar da safe ta Eastern Market ce, kasuwar da ke ci a wurin tun 1891. Manoman Mishigan ne ke kawo kaya da kansu a ƙarƙashin manyan rumfunan jan bulo: tuffa, ceri a lokacinsa, zuma, masara, furanni. A nan za ka ga garin duka a wuri guda, mai hijabi da mai gajeren wando suna taya kabeji ɗaya. Wasu daga cikin masu ganyen ma a cikin birnin suke noma shi, a filayen da gidaje suka rushe. Akwai mahautan halal a kewayen kasuwar, masu sayar da rabin rago ko akuya ga mai biki. In ka zo wajen ƙarfe biyu, lokacin da ake shirin tashi, farashi na sauka.

Hamtramck kuma ɗan gari ne da bai kai murabba'in kilomita 6 ba, mutum kusan 28,000. 'Yan Folan suka cika shi bayan an buɗe masana'antar Dodge a 1910, har Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarce su a 1987, mutum-mutuminsa na nan tsaye a wani ɗan fili. Yau mutanen Yaman da Bangladash da Bosniya suka fi yawa. A 2004 majalisar garin ta amince a yi kiran salla ta lasifika bayan doguwar taƙaddama, kuma a zaɓen 2021 magajin gari da kansiloli duka Musulmi suka zama, abin da ba a taɓa gani ba a Amurka. Kana tafe a titin Joseph Campau za ka ji ƙararrawar coci, jim kaɗan ka ji ladan. Ka shiga Yemen Cafe ka nemi fahsa, naman rago da aka dafa ya saki, ana kawo shi yana tafasa a cikin baƙar tukunya, da gurasa mai faɗin tire da za ka riƙa yaga kana dangwala. Mai neman zafin barkono na gaske kuwa, shagunan 'yan Bangladash na titin Conant ne maganinsa.

Sauran wurare biyu a taƙaice. Belle Isle tsibiri ne mai eka 982 a tsakiyar kogin, ana shiga ta gada, yana da gidan kifaye tun 1904, kuma daga ƙarshensa na yamma ake samun hoton birnin mafi kyau. Tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda aka buɗe a 1913, jirgi na ƙarshe ya bar ta a 1988, ta yi shekara 30 a yashe, tagogi a farfashe, duk mai son nuna mutuwar Detroit hotonta yake bugawa. Kamfanin Ford ya saye ta a 2018, aka gyara, aka sake buɗewa a Yunin 2024. Ka shiga zauren ka ɗaga kai.

Ka zo tsakanin Mayu da Oktoba. Sanyin Janairu a nan na daskarar da ruwa, dusar ƙanƙara na rufe titi, kuma rigar sanyin da ka saya don hunturun gida ba za ta yi maka komai ba. Gari ne da aka gina don mota, wurare na da nisa da juna, don haka sai da motar haya ko Uber. Ƙananan jiragen ƙasan da ke zagaya tsakiyar gari ba sa kaiwa Dearborn. Da dare ka tsaya inda jama'a suke, kada ka bar jaka a kujerar mota. A gidan abincin da aka kawo maka har tebur, ana barin tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin, kuma wannan ba ganin dama ba ne, da shi ma'aikatan ke rayuwa. Kada ka hau gadar Ambassador ko hanyar ƙarƙashin kogi in ba ka da bizar Kanada, don babu wurin juyawa sai ka isa gaban jami'an shige da fice. Tsaraba kuwa, ka koma Shatila ranar da za ka tashi, ka ce a ɗaure maka kwalin baƙlawa na tafiya. Tana jure kwanaki ba tare da firji ba, amma ka riƙe ta a jakar hannu, don in ta shiga cikin manyan kaya, gari za ta iso.